Injiniya da Kwatan Inci

Mijin yayata bai taɓa zama injiniya ba, ko na rana ɗaya. Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa yana tsaron sito, wato ɗakin da ake ajiye kusoshi da bel da man inji. Idan makaniki ya zo da takarda sai ya miƙa masa abin da aka rubuta, ya sa hannu, ya koma kan kujerarsa. Iyakar aikin ke nan. Amma da yake kullum akwai biro uku a aljihun gaban rigarsa, da 'yar sukudireba mai jan kai a tsakaninsu, sai makanikan suka fara ce masa Injiniya don tsokana. Shi kuwa ya amsa da gaske. Kafin shekara ta zagayo har a gida haka yake so a kira shi. Idan baƙo ya tambaye shi inda ya yi karatu sai ya gyara zama ya ce, "Ai irinmu a bakin inji muka koya, ba a kan benci ba."

Dogo ne, mai tsabta, wannan kam ba zan hana shi ba. Ba ya yarda kowa ya goge masa kaya. Da kansa yake yi, ya yi ta bin karin wando da dutsen guga kamar wanda za a yi wa jarrabawa a kai. Ban da wannan ban san wani abu da hannunsa ya iya ba. Famfon gidan ya shekara yana ɗiga, kullum yana cewa yana nazarin matsalar.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Sana'arta bargon haɗi. Takan bi shagunan teloli ta kwaso ragowar ƙyallaye, ta wanke, ta goge, ta yanka su murabba'i-murabba'i ko masu kusurwa uku, ta haɗa su a keke su zama fuska guda, sannan ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a baya, ta bi da ɗinki. A ɗakin baya muke aiki. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta. Keke biyu, baƙin na ƙafa nata, farin na lantarki nawa, sai teburin yanka da buhunan ƙyalle jere a jikin bango, kowane launi da buhunsa. Tun ina budurwa nake zuwa taya ta, har na yi aure ban daina ba.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka wahalarsa zaɓen launi ce. A'a. Wahalarsa tana bakin ɗinki, wato 'yar tazarar da ake bari tsakanin gefen ƙyalle da inda allura ke bi. Kwatan inci ce, kuma dole ta zama ita ce a kowane ɗinki, daga na farko har na ɗari biyar. A riga, idan kika ɗan wuce, jiki zai rufa miki asiri. A bargon haɗi babu mai rufa miki. Ki wuce da kaurin allura kawai a kowane ɗinki, ido ba zai gani ba, amma idan layin yana da ɗinki goma sha shida, sai ki kai ƙarshe ki tarar ya gaza ɗan'uwansa da faɗin yatsa biyu. Daga nan kusurwoyi su ƙi haɗuwa, tauraro ya rasa tsininsa, bargo ya yi tumbi a tsakiya.

Dabarar Yaya ba ta da kyan gani. Ta sa rula a ƙarƙashin allura, ta auna kwatan inci, ta rage ɗan kaurin zare saboda abin da ninki ke ci idan an goge, sannan ta manna filasta a kan farantin keken, ɗaya bisa ɗaya har ta yi tudu. Ƙyalle sai ya jingina da tudun ya wuce. Filastar ta yi baƙi da daɗewa, gefenta ya kwashi zare da ƙura, amma shekara goma sha huɗu ba a taɓa dawo wa Yaya da bargo ba.

Duk tsawon lokacin nan Injiniya bai san hanyar ɗakin baya ba. "Faci-facin mata" yake ce wa aikin. Sai da aka rufe masaƙa ya dawo gida ya zauna. Sati biyu ya yi yana karanta tsohuwar jarida a baranda. Ranar Litinin ta sati na uku sai ga shi a bakin ƙofarmu da gogaggiyar riga da birukansa uku, hannu a baya.

"Maman yara, wannan wurin yana buƙatar tsari," in ji shi.

Yaya ba ta ɗago ba. "To, Baban yara."

Wannan "to" ɗin ita ta ja mana komai. Yaya mace ce da ba ta son hayaniya. Ta ɗauka zai yi kwana biyu ya gaji. Ni na san ba zai gaji ba, don mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana kallon masu aiki ya riga ya ƙware a kallo.

Da farko ya sa wa ɗakin suna kamfani. Ya manna takarda a ƙofa mai lokacin zuwa da na tashi, alhali mu biyu ne, kuma ɗayarmu a gidan take kwana. Ni ya naɗa ni shugabar sashen yanka. Na tambaye shi su wa nake shugabanta, ya ce, "Auta, ke matsalarki ba ki da hangen nesa." Ya sake jera buhunan ƙyalle bisa girmansu maimakon launi, muka kwana uku muna neman shuɗi.

Wata Asabar mun tafi kwaso ƙyalle, muka dawo muka tarar ya yi wa kekunan abin da ya kira sabis. Ya kwance, ya sa mai, ya ɗaure. Farantin keken Yaya yana ta ƙyalli. Ya kankare filastar tas da reza, har ya bi wurin da kananzir.

"Wace ƙazanta ce kika liƙa wa inji?" ya ce, yana goge hannu da tsumma. "Idan baƙo ya shigo ya ga wannan ai sai ya raina mu. Ƙwararre da ido yake aiki."

Yaya ta tsaya tana kallon farantin. Na ga leɓenta ya motsa, amma abin da ya fito shi ne, "An gode." Ta ɗauko rula ta sake aunawa, ta manna sabuwa. Abin da ba mu sani ba shi ne ya taɓa maɗaurin allurar farin keken, ya bar ta ta ɗan karkata dama. Ni kuwa tawa filastar tana nan, bai kai gare ta ba, don haka ban yi zargin komai ba. Na ɗinka rabin bargon wata ma'aikaciyar jinya a haka. Da muka zo haɗa rabina da na Yaya sai nawa ya fi nata tsawo da kusan tafin hannu. Injiniya ya zo ya duba, ya murza ƙyallen da yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya ce laima ce ta shige shi. Laimar da ta zaɓi rabin bargo ta bar rabi. Kwana biyu na yi ina farkewa.

Babban abin ya zo ne bayan wata biyar. Wata mata mai masaukin baƙi ta ga bargon Yaya a gidan ƙawarta, ta aiko tana son goma sha biyu iri ɗaya, na taurari shuɗi da fari, cikin sati shida. Ba ma nan lokacin da ɗan aiken ya zo. Injiniya ya amsa. Da Yaya ta ji ta ce hannu huɗu ba za su iya ba, a koma a roƙi wata uku.

"Abin da ya sa ba ku ci gaba ke nan," in ji shi. "A masaƙa ba mutum ɗaya ke yin komai ba. Rarraba aiki ake yi. Ku dai ku yanka, sauran ku bar mini."

Muka yanka. Sati guda muna yanka, kowane ƙyalle daidai da ɗan'uwansa, har hannuna ya yi kanta. Ya ƙulla su a leda ya kai wa mutum uku: telan da ke bakin titi, da wani mai ɗinkin labule, da matar makanikin layinmu wadda ke ɗinka kayan makaranta. Yaya ta yanka 'yan kwalaye uku masu faɗin bakin ɗinkinta, ta ce ya ba kowa ɗaya ya auna kekensa da shi. Daga baya na tsinci kwalayen a aljihun rigarsa da aka kawo wanki.

Abin da ya faɗa musu, su da kansu suka gaya mana. Ya ce wa telan bakin titi ya yi milimita bakwai, don a ganinsa inci lissafin 'yan ƙauye ne. Ya ce wa mai labule ya bi gefen ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne ƙyalle, ba tare da ya duba cewa ƙafar keken labule ta kusa ninka tamu faɗi ba. Matar makaniki kuwa farcen ɗan yatsansa ya nuna mata ya ce, "Kamar haka."

Ranar da aka dawo da aikin muka share falo muka fara jerawa a ƙasa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Taurarin mai labule sun tsuke kamar an wanke su da ruwan zafi. Na telan titi sun ɗan fi su. Na matar makaniki kowanne da girmansa, don ita ma da ido ta yi, tana tuna farce. Aka ajiye su kusa da na Yaya sai ka ce uwa da 'ya'yan maƙwabta. Yaya ta durƙusa ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa, ta ɗauki wani ta juya, ta daɗe a haka.

Injiniya yana tsaye a kanmu. "Ba wata matsala ba ce. A ja ƙananan, a ɗan tattare manyan. Ƙyalle ai yana da haƙuri."

"Yaya Injiniya," na ce, "wandonka ma idan ƙafa ɗaya ta gaza sai a ja ta?"

"Auta, ina magana da yayarki."

Ya ɗauki guda ashirin ya kai wa telan titi da kansa, ya tsaya a kansa aka ja aka tattare aka haɗa bargo guda, don ya nuna mana. Bai gaya wa kowa ba ya kira mai masauki ta zo ta ga samfur.

Ta zo da hantsi, mace mai jiki, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ya tare ta tun daga ƙofa da "ranki ya daɗe", ya kai ta ɗakinsu ya shimfiɗa bargon a gado. Tsakiyarsa ta tashi kamar an rufe kwano, gefe ɗaya ya sauko har ƙasa, ɗayan bai rufe katifa ba. Taurarin kuwa babu mai tsini biyar a cikinsu, balle takwas.

"Wannan sabon salo ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Yanzu an daina yayin abu ya zama daidai-daidai. Ana so ido ya yi ta yawo."

Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kama gefen da ya gaza ta ja, ɗayan ya biyo ta. Sai ta juyo ta wuce shi kamar labule, ta dubi Yaya da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Malama, ke kika ɗinka wanda na gani a gidan ƙawata?"

"Ni ce."

"Wannan fa?"

Yaya ta girgiza kai.

"Wata nawa kike so?"

"Uku."

"Na ba ki. Amma hannunki nake so, ba salo ba." Ta ɗauki jakarta. Injiniya ya bi ta har mota yana bayanin yadda ake yi a masaƙa, ta rufe gilashi yana tsakiyar magana.

Da ya dawo ya fara cewa matar ba ta waye ba. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Yaya ta kama hannun rigarsa, gogaggiyar nan, ta ja shi har ɗakin baya, ta zaunar da shi a kan kujerar kekenta. Ta yanko ƙyalle uku, kowanne faɗin inci ɗaya da rabi, ta ajiye masa.

"Baban yara, haɗa mini su. Idan ka gama, na tsakiyan ya zama inci ɗaya cif daga sama har ƙasa. Duk wanda ya zo koyo wurina da wannan yake farawa. Ka ce da ido ake yi, ga ido ga keke."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora hannu ta rufe filastar da wani ƙyalle don kada ta taimake shi.

Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Ya taka, keken ya juya baya, zare ya tsinke. Na zura masa. Ya sake takawa, keken ya kwashe da gudu, ya bi ƙyallen da hannu biyu kamar mai kama kaza. Da ƙyar ya kai ƙarshe. Yaya ta goge, ta ɗora rula. A sama na tsakiyan ya haura inci da rabin kwata. A ƙasa bai kai kwata uku ba. Ɗinkin kansa ya yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji a yashi.

Ya karɓi rular ya juya ta, ya kanne ido ɗaya ya duba tsawonta.

"Wannan rular ta lanƙwashe," in ji shi.

Ya fita. Bayan awa guda ya dawo da sabuwar rula ta ƙarfe, ya auna shi kaɗai a baranda, yana ba mu baya. Ba mu sake jin zancen ba, rular ma ba mu sake ganinta ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna farke aikin mutum uku. Farke ɗinki a ƙyalle mai kusurwa uku sai da lallashi, don gefensa yana miƙewa idan an ja, kuma wanda ya miƙe ya tashi daga aiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu muka zubar muka sake yankawa. Idon Yaya na hagu tun da can ya fara hazo, wannan aikin ya ƙarasa shi, sai da aka yi mata aiki a asibiti bayan mun kai kayan. Amma mun kai su ranar da ta ce, goma sha biyu, kowanne ka ninka shi huɗu kusurwoyinsa su haɗu.

A cikin kwanakin nan ne Yaya ta samo masa abin yi, don ya daina tsaya mana a ka. Ta miƙa masa dutsen guga ta ce kowane ɗinki a kwantar da bakinsa wajen ƙyalle mai duhu, a danna, kada a goga. Gaskiya ita ce ya iya. Ya fi ni iyawa, abin da har yau yake ba ni haushi. Ɗinkin da ya bi ta hannunsa kwanciya yake yi lumui. Da a ce ya tsaya a nan ya ce shi mai guga ne, da na girmama shi. Amma washegari sai ga sabuwar takarda a ƙofa, ya rubuta sunansa, a ƙasa ya sa Babban Jami'in Kula da Inganci.

Bayan shekara guda wata ƙungiya mai koya wa mata sana'a ta ji labarin bargunan masaukin, ta aiko a zo a yi wa ɗalibanta bayani. Yaya ta ce ita ba ta iya magana gaban jama'a ba. Kafin ta rufe baki ya riga ya ɗauko dutsen guga yana goge babbar riga. Na bi su don in riƙe kaya. Na zauna a baya ina ji yana gaya wa mata arba'in cewa ido maƙaryaci ne, kada wadda ta yarda da shi. Ya ce a rage kaurin zare saboda ninki. Ya ce shi da ya zo ya tarar ana aikin a gargajiyance, sai da ya shigo da ilimin masana'anta. Kalmomin Yaya ne ɗaya bayan ɗaya, har inda take tsayawa ta ja numfashi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ya nuna musu a keke. Ya duba agogo ya ce wannan ɓangaren ma'aikatansa ne za su yi. Yaya ta tashi ta zauna a keken, mata suka taso suka kewaye ta, shi kuma ya koma wajen shugabar ƙungiya suna shan lemo.

Shi aka ba takardar yabo. An ɗauki hoto, yana tsakiya yana murmushi, bargo a buɗe a gabansa. Ni da Yaya muna riƙe da gefe-gefe, mai hoton ya yanke mu, yatsunmu kawai suka fito. Ya sa hoton a firam ya rataye a falo. A hanyar dawowa na yi ta faɗa, na ce ta bari ya hau kanta ya zauna, na ce da ni ce da na tona shi a gaban matan nan. Ta bar ni na gama.

"Auta, shekara ashirin da biyu yana fita da safe yana da inda za shi," ta ce. "Rana ɗaya aka rufe ƙofar. Ki bar shi da takardarsa. Mata shida sun karɓi lambata."

Ban yarda da ita ba, har yanzu ban yarda ba. Tausayi daban, ba wa mutum ladan aikin da bai yi ba daban. Amma mijinta ne, ba nawa ba.

Cikin matan shidan, huɗu suna zuwa koyo yanzu, mun ƙara keke biyu mun fasa bango an yi taga ta biyu. Injiniya kuwa tun da ya sami takarda ya ce ya gama da harkar ɗinki, ya kai ta inda za ta iya tafiya ba shi. Kiwon kaji ya koma. Ya karanta wani ɗan littafi ya gina musu keji a bayan gida da kansa, ya ƙi kiran kafinta. Ƙofar kejin ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. Ya fara da kaji hamsin, yanzu saura goma sha tara, ya ce irin ne ba shi da kyau. Jiya da na zo na tarar da biyu a kan teburin yanka, ɗaya ta yi kashi a kan farin yadi. Na kore su na leƙa baranda in yi masa magana, na same shi yana yi wa mai gyaran famfo bayanin yadda ake riƙe sifana.